Zauren Masu Karatu: Ina Malaman Firamarenmu Suka Shiga?

Tambaya daga wata uwa a Jihar Katsina

Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a makarantar firamare ta gwamnati da ke ƙauyenmu. Shekarar da babban ɗana ya shiga aji ɗaya, malamai goma sha ɗaya ne a makarantar, amma yau saura biyar har da hedimasta. Uku sun yi ritaya, ɗaya Allah ya yi masa rasuwa, biyu kuma an mayar da su cikin gari, ba a kuwa kawo ko mutum ɗaya a madadinsu ba. An haɗa aji ɗaya da aji biyu a ɗaki guda, an daina dafa wa yara abinci, ga 'yata tana aji uku amma har yanzu ba ta iya haɗa baƙi ba. Da muka tambayi hedimasta sai ya ce babu kuɗi a ƙaramar hukuma, alhali kullum muna jin biliyoyin da aka ware wa ilimi a rediyo. Ina kuɗin suke tafiya, kuma wa ke da alhakin kawo mana malamai?

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan malamin da ya rasu, ya kuma saka miki da alheri bisa wannan ƙirge da kika yi, domin iyaye kaɗan ne ke iya faɗin yawan malaman makarantar 'ya'yansu a bara da bana. Abin da kika bayyana shi ne ainihin yadda ake rage wa firamare kuɗi a ƙasar nan. Ba a kiran taron manema labarai a ce an zaftare kason makarantarku, ba a kuma aiko wa mai gari takarda. Malami ne zai kai shekarun ritaya ya tafi, sai a bar gurbinsa haka nan, albashin da yake karɓa ya narke cikin wasu hidimomi. Bayan shekara biyar ko shida sai a wayi gari rabin malamai babu su, kuma babu wanda za a nuna a ce shi ya kore su.

Hedimasta bai yi miki ƙarya ba, sai dai bai ba ki labarin duka ba. A tsarin Najeriya, albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa. Shekaru da yawa kason nan yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a cire kuɗin albashin malamai a miƙa wa Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, wato SUBEB, ita kuma ta biya. Saboda haka duk sabon malamin da aka ɗauka ragi ne a kan abin da zai saura wa shugaban ƙaramar hukuma da gwamna su yi wasu ayyuka da shi, kuma ragi ne na kowane wata har shekara talatin da biyar ko fiye, sannan fansho ya biyo baya. Wannan ne ya sa ɗaukar malamai ya fi komai nauyi a wurin masu mulki, ya kuma sa suka fi son aikin da ake biya sau ɗaya a huta.

Biliyoyin da kike ji a rediyo kuwa, yawancinsu ba a kan hanyar albashi suke ba. Kason ilimi a kasafin tarayya galibinsa jami'o'i da kwalejoji da makarantun sakandaren tarayya ke cinye shi. Abin da tarayya ke taimaka wa firamare da shi yana bi ne ta Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Tarayya, wato UBEC, wadda dokar 2004 ta tanadar mata aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Rabin wannan kuɗi tallafi ne da jiha ba za ta taɓa ba sai ta ajiye daidai da shi daga aljihunta, kuma an tsara shi ne domin gina azuzuwa da gyara su, da kujeru da banɗakuna da rijiyoyi. Ba a biyan albashi da shi. Shi ya sa za ki ga sabon gini mai fenti da allon ɗan kwangila a gabansa, ki leƙa ciki ki tarar da yara cike ba malami. Akwai ma shekaru da dama da biliyoyin naira suka yi ta kwana a asusun UBEC saboda wasu jihohi ba su kawo nasu rabin ba. Sannan ki riƙe wannan: abin da aka ware a takarda daban, abin da aka saki daban. Gwamna na iya karanta kaso mai tsoka a gaban majalisa a watan Disamba, shekara ta ƙare ba a fitar da rabinsa ba.

Akwai kuma ragin da tsadar rayuwa ke yi ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru sosai a lissafi, amma hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, sai dai a wurare da yawa malaman firamare ne na ƙarshe da ƙarin ya isa gare su. A Abuja kanta, malaman firamare na ƙananan hukumomi shida sun yi yajin aiki daga ƙarshen Maris zuwa Yulin 2025 a kan wannan batu, yara suka zauna a gida fiye da wata uku. Malamin da kuɗin man babur ɗinsa ya cinye kashi mai yawa na albashinsa, shi ne wanda zai bi duk hanyar da ya sani a mayar da shi makarantar da ke bayan gidansa. Ina kyautata zaton haka kuka rasa malaman nan biyu.

Ba yau muka fara shiga wannan hali ba. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE, aka cika kwalejojin horon malamai, yawan ɗalibai ya ninka cikin 'yan shekaru. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sannan shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida, wato SAP, ya biyo baya a 1986. Malamai suka riƙa yin watanni ba albashi, jihohi da dama suka dawo da karɓar kuɗi daga iyaye, yawan yara a makaranta ya ja da baya. An kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988 domin ta tsare albashin malamai, aka rushe ta a 1991 aka mayar da nauyin kan ƙananan hukumomi, da abin ya lalace aka sake dawo da ita a 1993. Wannan tarihin ne ya sa, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ƙungiyar malamai ta NUT ta nuna fargaba maimakon murna. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Bari in gaya miki abin da na gani da idona a wata makaranta irin taku da na ziyarta. Na shiga aji ɗaya da safe na tarar da malama tana kiran rajista. Yaran sun haura ɗari da ashirin, suna zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, na baya sun jingina da bango, wasu ƙanana suna goye da ƙannensu. Kafin ta kai sunan ƙarshe kusan rabin lokacin darasin ya wuce. Ta rubuta baƙaƙe biyar a allo, ta sa suka yi ta maimaitawa da ƙarfi, sannan ta miƙa wa monita tsumagiya ta tafi aji huɗu, domin can ma ita ce. Da na koma ofis, hedimasta ya jawo aljihun teburinsa ya nuna mini kwalin alli guda, ya ce da kuɗinsa ya saya ranar kasuwa, kuma sanda bibbiyu yake ba kowane malami a rana. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Malamar nan ba raguwa ba ce, amma babu yadda za ta duba littafin kowane yaro ta gane wanda ke karantawa da wanda ke bin bakin 'yan'uwansa kawai. Haka yaro zai kai aji uku, har aji shida, yana rera abin da ke allo bai san baƙin da ke gabansa ba. Ƙididdigar ma'aikata da UBEC ta yi a 2022 ta nuna giɓin malamai kusan 195,000 a firamaren gwamnati, kuma kowane giɓi a cikinsu aji ne irin wannan.

Idan malamai suka yi ƙaranci, abubuwan da ake fara yasarwa su ne waɗanda ba a jarrabawa a kansu: wasannin motsa jiki, da aikin hannu, da gonar makaranta, da ajin share fage na ƙananan yara. Masu duba makarantu ma sukan daina zuwa idan babu kuɗin mai. Abincin da kika ambata na shirin ciyar da ɗalibai ne na tarayya, wanda aka fara a 2016 domin 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 ga kowane yaro a rana, kuma an dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi a Janairun 2024. An yi ta ƙorafi kan yadda ake tafiyar da shi, kuma ƙorafin yana da tushe, amma duk wanda ya san ƙauye ya san yawan yaran da wannan kwano ya jawo daga talla da kiwo zuwa aji. Hatta shirin koyar da karatu da Hausa da hukumar USAID ta Amurka ta tallafa wa a jihohi irin su Bauchi da Sakkwato, irin wanda 'yarki ke buƙata, dogaro ne da kuɗin waje, ga shi kuwa gwamnatin Amurka ta rufe hukumar a 2025.

Game da abin da za ku yi, shawarata kada ku je da kuka kawai, ku je da lissafi. Kowace makaranta ya kamata tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC, da wakilin mai gari da malaman addini da mata a ciki. Ku sa kwamitin ya rubuta takarda zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarku, a aika kwafi ga shugaban SUBEB da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku. A rubuta yawan yaran kowane aji, da yawan malaman da ke zuwa, da shekarar da kowane gurbi ya zama fanko. Ku kuma nemi a gaya muku malamai nawa ne ke karɓar albashi da sunan makarantarku, domin wani lokaci sunan da ke takardar biya ya fi mutanen da ke aji yawa. Ku roƙi abu biyu a fili: a dawo muku da malamai daga makarantun cikin gari da suka yi musu yawa, wanda ba ya buƙatar sabon kasafi, sannan idan za a ɗauki sababbi a fara da 'ya'yan yankinku masu takardar NCE, domin su ne za su zauna. Idan wani ɗan siyasa ya zo da alkawarin gina muku aji, ku gode masa, ku tambaye shi wanda zai koyar a ciki. Kafin a kai ga wannan, ki roƙi hedimasta ya sa malamin da ya fi ƙwarewa a ƙananan azuzuwa, ya ware sa'a ɗaya kullum a tara duk yaran da ba su iya haɗa baƙi ba, ko daga wane aji suke, a koya musu da Hausa tun daga farko.

Tambaya daga wani malamin sa-kai a Jihar Bauchi

Malam, barka da aiki. Na gama NCE shekara huɗu da suka wuce, tun lokacin nake koyarwa a firamaren garinmu a matsayin ɗan sa-kai. Ƙungiyar iyaye da malamai ce ke ba ni naira 8,000 a wata, wani watan ma ba a samu. Kullum ana cewa za a ɗauke mu. In ci gaba ko in nemi wata sana'a?

Amsa

Malam, Allah ya biya ka. Kai da ire-irenka ne ke riƙe da makarantu da yawa a Arewa, kuma abin da ke damuna shi ne alherin naku yana rufe ɓarakar da ya kamata a gani. Muddin akwai mai tsayawa a gaban allo a kan naira 8,000 daga aljihun talakawa, hukuma ba ta jin zafin rashin ɗaukar malami, ilimin da doka ta ce kyauta ne kuma ya koma iyaye ke biya ta bayan gida. Haka aka yi da matasan N-Power da aka tura azuzuwa daga 2016 a kan naira 30,000 a wata: sun toshe giɓi na ɗan lokaci, da wa'adinsu ya ƙare giɓin ya dawo yadda yake.

Ba zan ce ka bar yaran nan a tsakiyar zango ba, amma ba zan ce ka jingina rayuwarka da alkawarin baki ba. Ka yi rajista da hukumar TRCN mai ba malamai lasisi, ka karɓi takarda a rubuce daga hedimasta da Sakataren Ilimi mai nuna shekarun da ka yi, domin idan aka buɗe ɗaukar aiki ita ce hujjarka. Ku haɗa kanku, ku 'yan sa-kai na ƙaramar hukumar, ku kai sunayenku tare. Kada ka ba kowa kuɗi da sunan zai samo maka takardar aiki. Ka riƙe sana'ar yamma da gaske, ka kuma yanke wa kanka wa'adi, ka sanar da iyayen yara tun da wuri domin su ma su tashi su nema maka haƙƙinka.

Tambaya daga wani uba a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar

Malam, ina gaisuwa. Mu nan ɗana a ajin zana yake karatu, malaminsu ɗan kwantiragi ne, kuma sau da yawa suna yajin aiki saboda jinkirin biya. Shin matsalarmu ɗaya da ta Najeriya?

Amsa

Alhaji, ina amsawa. Ciwon ɗaya ne, hanyar da ya biyo ce ta bambanta. A Nijar gwamnatin tsakiya ce ke ɗaukar malamai tana biyansu, saboda haka duk abin da ya taɓa baitulmalin Yamai yana isa ajin ɗanka kai tsaye. Bayan matsin tattalin arziki da shirye-shiryen gyara na Bankin Duniya da Asusun Lamuni, da karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, gwamnati ta ga ba za ta iya ɗaukar cikakkun ma'aikata daidai da yawan yara ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai ta koma ɗaukar malaman kwantiragi a kan kuɗi ƙasa da na cikakken ma'aikaci, har suka zama su ne mafi yawa a firamare. Gaskiya ne wannan ya buɗe ƙofar makaranta ga yara masu yawa da da ba su samu ba, kuma ba abin rainawa ba ne. Amma malamin da ba shi da tabbas, ba shi da isasshen horo, kuma kuɗinsa ke makara, dole ne ɗalibinsa ya ɗanɗana. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, da takunkumin ƙungiyar ECOWAS da janyewar masu ba da tallafi, hukumomi sun rage kasafin 2023 da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma ƙasar da ke jiran kuɗin waje domin gina azuzuwa ba za ta ji wannan da sauƙi ba.

Ajin zana shi ma ɗan wannan ƙarancin ne, kuma yana cin lokacin karatu ta fuska biyu, domin ba a samun karan kafa shi sai an gama girbi, sannan da ruwan farko ya sauka an tashi ke nan. Ya ci abin da ya fi lokaci ma. A Afrilun 2021 gobara ta kashe yara kusan 20 a irin waɗannan azuzuwa a Yamai, a Nuwamban shekarar kuma ta kashe fiye da 20 a garinku, Allah ya jiƙan su, ya ba iyayensu haƙuri. Ba sai na tuna maka wannan rana ba.

Ku yi amfani da kwamitin kula da makaranta da kuke da shi, ku kai buƙatar ajin gini ga magajin gari da mai duba makarantu a rubuce, kuna farawa da ajin mafi ƙanƙantar yara, waɗanda ba za su iya gudu ba. Kafin a samu, ku je da kanku ranar da ake kafa rumfunan, ku tabbata an bar tazara mai faɗi tsakanin kowace rumfa da 'yar'uwarta, an yi wa kowace ƙofa biyu, an ajiye randar ruwa da yashi a kusa, kuma an matsar da masu tuya da masu shayi nesa da zanar.